Ƙara Tsawon Kwalbatin Roba a Ƙofar Gida

Idan gida ya samu ƙarin mota, ko aka faɗaɗa get, ko tayar baya ta riƙa zamewa cikin lambatu duk lokacin da za a sha kwanar shiga gida, abin da ke fara zuwa wa mai gida a rai shi ne a ƙara wa kwalbatin ƙofar gida tsawo. A da zoben kankare ake jerawa. Yanzu kuwa akwai baƙin bututun roba mai santsi a ciki, mai zobba-zobba a bayansa, wanda injiniyoyi ke kira HDPE. Ana sayar da shi galibi da tsawon mita 6, kuma mutum biyu na iya ɗaga mai faɗin inci 18, alhali kankare mai irin wannan faɗi da tsawo ya wuce tan guda. Bututun robar ba ya tsatsa, zarto na yanka shi. Wannan sauƙin ne ke sa mutane su ɗauka cewa aikin bai wuce a haƙa rami, a jefa bututu, a rufe ba. Daga nan ake samun matsala.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, bututun roba ba shi kaɗai ke ɗaukar nauyin mota ba. Kankare da ƙarfin jikinsa yake tsayawa. Roba kuwa idan nauyi ya danne ta daga sama, sai ta nemi bajewa ta gefe, kuma ƙasar da ke gefen ce ke tokare ta. In an daɓe ƙasar sosai, bututun zai tsaya daram ko tifa ce ta hau. In an zuba ta sakaka, zai lotsa ya koma siffar ƙwai, mahaɗarsa ta buɗe, hanya ta dusa. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce kada lotsawar ta wuce kashi 5 cikin 100 na faɗin bututun. Saboda haka rabin kuɗin aikin da rabin kulawarsa a kan ciko ya kamata su tafi.

Kafin a sa diga a ƙasa, a leƙa tsohon kwalbatin da tocila. In ya riga ya lotsa, ko ya tsage, ko yashi ya cika rabinsa, ƙara masa tsawo ƙarin wahala ne kawai. Gara a tone shi gaba ɗaya. In lafiyarsa lau, a auna faɗin cikinsa, a sayo daidai da shi. Kada a yarda da shawarar cewa a sa ƙarami tunda ya fi araha. Bambancin inci 12 da inci 18 a ido kaɗan ne, amma bakin mai inci 18 ya ninka na 12 fiye da sau biyu, kuma a gangara iri ɗaya ruwan da yake ɗauka ya kusa ninki uku. Duk inda kwalbati ya tsuke, nan leda da robar lemo za su maƙale. Mu tuna cewa milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce. Rufin gida mai murabba'in mita 200 zai zubo lita 10,000 a ruwan milimita 50, irin wanda ake iya samu a dare ɗaya cikin watan Agusta a Kano ko Zariya. Wannan na gida ɗaya ke nan, kuma lambatun na layi ne baki ɗaya.

Sai batun gangara. Sabon bututu dole ya ci gaba da gangarar tsohon, cikinsu ya zo daidai babu tudu babu mataki. Abin da aka fi so shi ne aƙalla santimita 1 a kowace mita, wato bututu mai mita 6 ya sauka da santimita 6 daga baki zuwa baki. Ba da ido ake auna wannan ba. A ja igiya, a sa lebur ko tiyon ruwa irin na magina. Inda gangara ta gaza, ruwa zai kwanta, yashi ya taru, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa, kuma a lokacin zafi kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya fara cizo.

Mahaɗa ita ce wurin da aikin ya fi lalacewa. Wasu bututun suna zuwa da baki mai faɗi da ake cusa ɗan'uwansa a ciki, da zoben roba mai hana yoyo. Wasu kuma da maɗauri ake haɗa su, wanda ke rungumar zobban ɓangarorin biyu. Idan mai baki ne, bakin mai faɗi ya fuskanci inda ruwa ke fitowa. Zobban wani kamfani ba lallai su dace da na wani ba, don haka a yanko ɗan guntun tsohon, ko a auna shi da kyau, kafin a je kasuwa. In za a yanka, a yanka a cikin kwarin da ke tsakanin zobe da zobe. In kuwa tsohon kwalbatin na kankare ne, sai a daidaita bakunan biyu, a naɗe mahaɗar, a zuba mata kankare ya zagaye ta. Cusa buhun siminti da tsumma a mahaɗa, kamar yadda wasu leburori ke yi, ba ya hana komai. Ruwa zai riƙa jan ƙasa ta wannan kafa kaɗan-kaɗan, sama tana nan kamar lafiya, har ranar da tayar mota za ta burma.

Ga yadda ake ciko. A shimfiɗa tsakuwa ƙanana ko yashi mai tsakuwa kaurin santimita 10 zuwa 15 a ƙasan ramin, a daidaita. A kwantar da bututun, sannan a tura ciko ƙarƙashin haƙarƙarinsa da shebur ta ɓangarorin biyu, domin nan ne aka fi barin kogo. Daga nan a riƙa zubawa santimita 15, a yayyafa ruwa, a daɓe, a sake zubawa, hagu da dama tare don kada bututun ya goce. Burji mai kyau ko tsakuwa ake so. Laka, baƙar ƙasar bola, ɓaraguzan bulo da manyan duwatsu duk ba su da wuri a nan. A saman bututun kuma a samu ciko aƙalla santimita 30 kafin mota ta hau. Inda lambatu ba shi da zurfin da zai ba da wannan, a zuba silab mai rodi a kai, ko a haƙura da roba a yi kwalbatin kankare. Rani ne lokacin wannan aiki, domin idan ruwa ya cika rami kafin a gama ciko, bututun roba tasowa yake yi.

Bakunan kwalbati ma suna son gyara. A gina ɗan bango na bulo ko kankare a kowane baki don ya riƙe ƙasa, a jera duwatsu inda ruwa ke faɗowa saboda zaizaya. Bangon yana da wani amfani a garuruwanmu, inda aka saba cinna wa shara wuta a cikin kwata: yana kare bakin bututun, domin wannan roba tana narkewa a zafin da bai wuce digiri 130 da 'yan kai ba, kuma tana ci da wuta. Wuta ɗaya a bakin kwalbati na iya bin cikinsa ta bar mai gida da rami.

Akwai kuma haƙƙin jama'a. Lambatun bakin titi ba mallakin mai gida ba ne ko da a ƙofarsa ya bi. A Kano hukumar tsara birane ta KNUPDA ce ke kula da gine-gine, sauran jihohi ma suna da irinta, kuma neman izini kafin a taɓa magudanar ruwa ya fi a zo a rushe bayan an kashe kuɗi. A tambayi inda bututun famfo da wayoyin ƙarƙashin ƙasa suka bi. A sanar da maƙwabci na sama da na ƙasa, tunda toshewa a ƙofar wani kan zama ambaliya a ɗakin wani.

Kada kuma a ƙara tsawon da ya wuce buƙata. Duk mitar da aka rufe, mita ce da shebur ba zai ƙara kai wa gare ta ba. In tsawon ya yi yawa, a bar ramin dubawa mai murfi a tsakiya. Sannan a sa wa kai doka: a yashe kwalbatin kafin ruwan farko, a sake duba shi bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Wanda ba zai iya wannan ba, barin lambatun a buɗe ya fi masa da maƙwabtansa alheri.