Abin da Ke Shaƙe Hanyar Mararaba da Nyanya

Duk wanda ke kwana a Mararaba, Ado ko Masaka yana neman abinci a cikin Abuja, agogonsa daban yake da na sauran jama'a. Kafin a kira assalatu ya riga ya kintsa, wasu ma sai sun shiga gari suke yin sallar asuba, domin tafiyar rabin awa takan koma ta awa biyu ko fiye idan aka makara. Da yamma cunkoson ya koma ɗaya hannun: daga AYA a gangaro Kugbo, a wuce gadar Karu da Nyanya, a shiga jihar Nasarawa ana jan ciki.

Tushen abin a fili yake. Tun da aka dawo da babban birnin ƙasa Abuja a watan Disambar 1991, ofisoshi suka taru a tsakiyar birni, tsadar haya kuma ta kora ƙaramin ma'aikaci da ɗan tireda da lebura zuwa garuruwan gefe, har ƙaramar hukumar Karu ta cika ta batse. Ga shi kuma wannan hanya ta Keffi ita ce matafiya daga Lafiya, Makurdi da Jos suke bi su shigo. Jama'a masu ɗimbin yawa na neman shiga wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, ta ƙofa ɗaya.

Ka tambayi kowane direba magani, zai ce titin ne ya yi kaɗan, a faɗaɗa shi. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma injiniyoyin da ke nazarin zirga-zirgar motoci da wani lissafi suke farawa, kuma lissafi ne da ɗan firamare zai iya bi. Idan motoci na tafiya lafiya, tsakanin kowace da ta gabanta akwai kamar daƙiƙa biyu. Awa ɗaya daƙiƙa 3,600 ce. Ke nan layi ɗaya na titi yana iya wuce da mota kusan 1,800 a awa, layi uku kuma wajen 5,400. Mu ƙaddara, a matsayin misali, mota 5,000 ke zuwa a awa. Titin zai ɗauke su tsaf. To sai masu bas da 'yan kamasho su mayar da layin gefe tasha, ana lodi ana sauke fasinja. Saura layi biyu, wato 3,600. Kowace awa mota 1,400 za ta taru a baya ba ta samu wucewa ba. Idan kowace ta ci mita bakwai, aka jera su layi uku, jerin ya haura kilomita uku. Duk wannan daga wuri guda da bai fi tsawon bas huɗu ba.

Abin ma ya fi haka muni, don ƙididdigar injiniyoyin hanya a Amurka ta nuna cewa toshe layi ɗaya cikin uku yakan cinye kusan rabin abin da titin ke ɗauka, saboda kokawar da ake yi wajen kaucewa. Titi kamar mazurari yake: kome faɗin bakinsa, abin da ƙasansa ya bari shi ke fita. Shi ya sa za ka ga an fito daga gaban kasuwa ko ƙarƙashin gada, hanya ta buɗe fayau, kana mamakin ina motocin suka shige. Ba su ɓace ba, ɗaya-ɗaya maƙogwaron ke sakin su. Mai tallan lemo da ya baza kayansa a kan kwalta, da ramin da ke tilasta wa kowa taka birki, da kwatar da ta toshe ruwan sama ya kwanta a layi ɗaya, da shingen bincike irin waɗanda aka kakkafa bayan fashewar bam a tashar Nyanya a watan Afrilun 2014, kowannensu maƙogwaro ne.

Akwai kuma cunkoson da ba shi da dalilin da ido zai gani. A ƙasar Japan, wasu masana ƙarƙashin Yuki Sugiyama na Jami'ar Nagoya sun wallafa wani gwaji a 2008. Sun zuba mota 22 a kan da'ira mai tsawon mita 230, suka ce kowa ya yi tafiyar kilomita 30 a awa. Babu danja, babu rami, babu mahaɗa. Ba a jima ba motoci suka fara cirko-cirko, wasu har suka tsaya cik. Wani ya ɗan matsi na gabansa, ya taɓa birki, na bayansa ya taka fiye da shi, na baya-baya ya tsaya gaba ɗaya. Tsayuwar nan kuma ba a wuri ɗaya take zama ba, komawa baya take yi da gudun kusan kilomita 20 a awa. Wato direban da ya yanko gabanka ba sigina a gadar Karu ya riga ya isa Asokoro, amma birkin da ya sa ka taka yana can yana tsayar da mutanen da ba su taɓa ganinsa ba.

A nan ne maganar Hausawa cewa sauri ya haifi nawa take zama lissafi. Mai manne wa bayan mota, da mai sauya layi kowane minti yana ganin na kusa da shi ya fi tafiya, ragin da suke samu bai taka kara ya karya ba, ɓarnar da suke bari a baya kuwa babba ce. Gwara su sau dubu da mai bin hannun da ba nasa ba. Da zarar an tsaya, sai wani mai wayo ya haye ɗaya hannun, goma su bi shi, layi uku ya zama bakwai. Can gaba dole bakwai ɗin su koma uku, ga motocin da ke tahowa an tare musu gaba, sai kowa ya kulle kowa. Cunkoson da zai warware cikin minti ashirin ya koma na awanni, motar asibiti da ta 'yan kwana-kwana su rasa ta inda za su bi. Abin takaicin, sau da yawa mai jiniya da rakiyar jami'an tsaro ne ke fara buɗe wannan ƙofa, talaka ya ce shi ma ɗan ƙasa ne.

Inda layi biyu za su haɗe, abin da ya fi sauri shi ne karɓa-karɓa, ɗaya daga nan, ɗaya daga can. A mahaɗa kuma, ko an ba ka hannu, kada ka shiga tsakiya matuƙar ba ka ga gurbin da motarka za ta fita ta tsaya ba. In an yi hatsari a ɗaya hannun, rage gudu don kallo yakan haifar da sabon cunkoso a hannun da babu abin da ya same shi.

Wutsiyar cunkoso kuwa wuri ne mai hatsari, musamman a gangare irin na Kugbo. A watan Maris na 2025 wata babbar mota ta ƙwace wa direbanta kusa da gadar Karu da yamma, ta afka wa motocin da ke gabanta, wuta ta tashi, aka yi asarar rayuka da motoci da dama. Idan ka hango an tsaya a gabanka, rage gudu tun daga nesa, kunna fitilun gargaɗi, ka riƙa duba madubi, ka bar tazarar da za ka iya karkatar da kan mota in ta ɓaci. In motarka ce ta mutu, a taru a tura ta gefe kafin a fara neman bakanike, a ajiye alamar kashedi nesa da ita. Ganye da duwatsun da ake zubawa a bari a kan titi bayan an tafi, su ma tarko ne ga na baya. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar gaggawa 122. Motar janwe ɗaya da ke zaune kusa, a shirye, takan yi aikin da kwangilar biliyoyi ba ta yi ba, tunda kowane minti da matacciyar tirela ta ƙara a kan titi, jerin baya ƙaruwa yake yi.

Sai batun faɗaɗawa. Birnin Houston na Amurka ya gwada iyakar gwaji. A 2008 aka gama faɗaɗa babbar hanyar Katy a kan kuɗi kusan dala biliyan 2.8, har ta kai layi 26 a wasu wurare idan aka haɗa da hanyoyin gefe. An samu sauƙi na ɗan lokaci, amma zuwa 2014 lokacin tafiya da safe da yamma ya sake hawa. Dalili shi ne idan hanya ta yi daɗi, mai shiga bas yakan fito da motarsa, mai sammako ya daina, masu filaye su yanka sabbin unguwanni can gaba, har sabon layin ya cika. Gadar sama ma haka: tana warware mahaɗa ɗaya, ta miƙa motocin da sauri ga mahaɗa ta gaba. Mutanen Kano da suka ga gadojin Ƙofar Nasarawa, Dangi da Hotoro sun san amfaninsu, sun kuma san inda Adaidaita Sahu ke sake taruwa da an sauko.

Ba ina cewa kada a gina titi ba. Hanyar Apo zuwa Karshi, wadda aka ba da kwangilarta a 2011 don ta zama ƙofa ta biyu ga mutanen wannan yanki, ta shafe fiye da shekara goma ba a gama ta ba, kuma irinta ake buƙata. Amma a ganina tambayar da ta kamata jama'a su riƙa yi wa masu mulki ita ce mutum nawa titi ya kai wurin aiki, tunda ba ƙarfe ake son kaiwa ba. Doguwar bas ɗaya takan kwashe mutanen da za su cika ƙananan motoci talatin ko arba'in masu ɗauke da mutum ɗaya ko biyu. Legas ta keɓe wa irin waɗannan bas layinsu tun 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, yadda ba sa maƙalewa tare da kowa. Landan ta fara karɓar kuɗin shiga tsakiyar gari da mota a 2003, Stockholm ta ƙasar Suwidin ta gwada a 2006 motoci suka ragu da kusan kashi 20 cikin 100. Sai dai su suna da jirgin ƙasa da bas da mutum zai koma wa. A ɗora wa ɗan Masaka irin wannan haraji ba tare da an ba shi madadin ba, zalunci ne tsagwaronsa. Jirgin ƙasan cikin Abuja da aka ƙaddamar a 2018, aka sake tayar da shi a 2024, filin jirgin sama da ɓangaren Kubwa ya nufa, bai leƙo Nyanya ba. Kuma rabin matsalar na ƙarƙashin hukumar babban birnin tarayya, rabi na hannun gwamnatin Nasarawa, saboda haka tashar lodi a wajen titi, da mayar da kasuwa ciki, da layin bas daga Masaka har AYA, babu wanda zai yiwu sai ɓangarorin biyu sun zauna sun tsara shi tare.