Kifin da Ke Goyo a Baki

Masuntan Argungu da Birnin Kebbi sun daɗe da sanin cewa wani lokaci idan aka kama karfasa a kogin Rima, akan tarar da bakinta cike da ƙwai ko 'yan mitsi-mitsin kifaye. Wanda bai sani ba sai ya zaci cin 'ya'yanta take yi, alhali kuwa goyo ne.

Ga yadda abin yake. Da damina, lokacin da kogi ke malala fadama, namiji yakan haƙa ɗan gurbi a yashi inda ruwa ba shi da zurfi. Mace ta zuba ƙwai, shi kuma ya barbare su, sannan ta tsince su da baki. Kusan mako biyu takan yi ba ta cin komai, tana ta juya su da ruwan da take shaƙa domin su sami iska, kada su ruɓe. Ko bayan ta saki 'ya'yan, da sun ga hatsari sai su ruga cikin bakinta.

Wannan hikima ba a ruwan daɗi kaɗai take ba. A tsibiran Banggai na ƙasar Indunusiya akwai wani ɗan kifin teku daga dangin da masana ke kira Apogonidae, wanda tsawonsa bai wuce santimita 8 ba. Yana fakewa a cikin murjani. Shi kuwa uba ne ke riƙe ƙwai a baki, kusan wata guda yana azumi. Da yake 'ya'yansa kaɗan ne, kuma ana yawan kama shi don ado a gidaje, a shekarar 2007 an sa shi cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa.

Darasin a fili yake. Duk wanda ya kama karfasa mai goyo, ɗaruruwan kifayen baɗi ya kashe, balle mai jan taru mai ƙananan idanu. Ana hana su a Matan Fada sai ranar biki, wanda aka fara a tsarinsa na yanzu a 1934.

Ya kamata malamai su kai ɗalibai bakin ruwa da damina, su roƙi masunta su buɗa musu bakin karfasa mai rai. In an ga ƙwai, a mayar da ita ruwa.