Daidaita Agogon Gudu da Gano Matsalolinsa a Babur Mai Ƙafa Huɗu

1.0 Gabatarwa

Babur mai ƙafa huɗu abin hawa ne da aka ƙera domin bin jeji da rairayi da taɓo, inda mota ba ta shiga cikin sauƙi. Kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fara fitar da mai ƙafa uku a shekarar 1970, sannan Suzuki ya fito da mai ƙafa huɗu a 1982. Manoma da makiyaya a Amurka da Ingila da Ostareliya suna amfani da shi wajen zagaya gona, da jan kaya, da feshin magani. Da yawa daga cikin waɗannan babura, musamman tsofaffi da na tsere, ba sa zuwa da agogon gudu, wato na'urar da ke nuna saurin tafiya da nisan da aka ci. Don haka sai mai babur ya sayi na wani kamfani daban, irin su Trail Tech, ko ma na keke, ya ɗaura da kansa. Wannan takarda za ta bayyana yadda irin wannan agogo yake aiki, da yadda ake daidaita shi, da hanyar gano inda matsala take idan ya fara ba da lissafin ƙarya.

2.0 Yadda agogon yake aiki

Kayan sun kasu kashi uku: ɗan ƙaramin maganaɗisu, da sensa, da fuskar agogo wadda ake ɗaurawa a kan hannun babur. Ana kafa maganaɗisun a jikin abin da ke juyawa tare da taya, galibi faifan birki. Shi kuwa sensa ana kafa shi kusa da nan, a wurin da ba ya motsi. A cikin sensa mai waya biyu akwai siraran harsunan ƙarfe guda biyu a cikin ƴar kwalba. Duk lokacin da maganaɗisu ya wuce ta gabansu sai su haɗu, saƙo ɗaya ya tafi zuwa agogo.

Ke nan abin da agogon yake ƙirgawa shi ne juyin taya. Domin ya mayar da juyin zuwa kilomita, dole a gaya masa kewayen tayar, wato nisan da take ci a juyi ɗaya, da milimita. Misali, tayar da kewayenta ya kai milimita 1,900, idan tana juyawa sau 5 a daƙiƙa, ta ci mita 9.5 a daƙiƙa, wanda ya yi daidai da kilomita 34.2 a awa. Idan lambar da aka ba agogon ba daidai ba ce, duk abin da zai nuna kuskure ne, ko da kuwa sabo ne fil.

3.0 Dalilin da ya sa ba a dogara da rubutun jikin taya

A jikin tayar irin wannan babur akan ga rubutu kamar 25x8-12. Lamba ta farko tsayin taya ce da inci, ta biyu faɗinta, ta uku girman garen da aka sa ta. Inci 25 milimita 635 ne, idan aka riɓanya shi da 3.1416 sai a sami kewaye na milimita 1,995. Nan ne mutane da yawa suke tsayawa, su shigar da wannan lamba.

Sai dai tayoyin nan ba a cika su da iska kamar na mota. Iskarsu kaɗan ce ƙwarai domin su baje a kan rairayi, saboda haka da zarar mutum ya hau sai su lotsa, nisan da suke ci a juyi ɗaya ya ragu. Bugu da ƙari, taya tana cinyewa, kuma tayoyin kamfanoni biyu masu lamba ɗaya ba lallai tsayinsu ya zo ɗaya ba. A ɗauka an shigar da 1,995 alhali ainihin kewayen 1,900 ne. Agogon zai riƙa ƙari da kashi 5 cikin 100: babur na gudun kilomita 40, shi yana nuna 42.

Wannan bambanci yana da tasiri ga manomin da ya ɗora tankin feshi a bayan babur, domin yawan maganin da ke sauka a kowace hekta ya dogara ne ga saurin tafiya. Idan yana ganin 10 a agogo alhali gudunsa bai wuce 9.5 ba, zai zuba maganin da ya zarce ƙa'ida da kusan kashi 5 cikin 100 a duk faɗin gonar. Haka nan lissafin mai da lokacin canza baƙin mai duk za su karkace.

4.0 Matakan daidaitawa

Da farko a sa wa tayoyi iska gwargwadon yadda littafin babur ya tanada, a auna da gejin da aka yi domin ƙaramar iska. Sannan a sami fili mai tauri, shimfiɗaɗɗe. A yi alama da alli a jikin tayar da ke da maganaɗisu, daidai inda ta taɓa ƙasa, a yi wata a ƙasan. Mai tuƙi ya hau ya zauna, a tura babur a miƙe har tayar ta juya sau uku, a sake yin alama. A auna tsakanin alamomin biyu, a raba gida uku. Idan an sami milimita 5,700, kewayen 1,900 ne, kuma ita ce lambar da za a shigar. Ana yin juyi uku ne domin ɗan kuskuren awo ya rarrabu.

Bayan haka sai gwaji a hanya. A zaɓi miƙaƙƙiyar hanya wadda aka san tsawonta, ko a yi amfani da GPS na wayar hannu a fili inda babu rufin itatuwa. Idan an ci kilomita 10 amma agogo ya nuna 10.5, sai a riɓanya lambar da ke ciki da nisan gaskiya, a raba da nisan da agogo ya nuna: 1,995 sau 10, a raba da 10.5, ya ba da 1,900. Gwada nisa ya fi gwada sauri inganci, domin lambar sauri ba ta tsayawa wuri ɗaya.

A baburan da tayoyin baya kaɗai ke ja, an fi so a sa sensa a tayar gaba, saboda ta baya takan yi ta juyawa a banza cikin rairayi ko taɓo, agogo kuwa ya ƙirga. Duk lokacin da aka canza taya sai an sake awo. Wanda ya tashi daga inci 25 zuwa 27 bai gyara lamba ba, agogonsa zai nuna 50 alhali yana gudun 54.

5.0 Gano matsala

Yanayin kuskuren shi ke nuna inda za a duba. Idan kuskuren bai canzawa, wato kullum kashi kaza ne cikin ɗari, laifin na lambar da aka shigar ne. Idan kuwa lamba tana tsalle ko tana ɓacewa, laifin yana tsakanin maganaɗisu da sensa da waya.

(a) Agogo ya kunnu amma sauri na kan sifiri. A cire sensa, a riƙa gilma maganaɗisu ta gabansa da hannu. Idan lamba ta motsa, tazarar da ke tsakaninsu ce ta yi yawa. Bai kamata ta wuce ƴan milimita ba. Idan ba ta motsa ba, a gwada sensa mai waya biyu da mitar lantarki, a ga ko layi yana haɗuwa idan maganaɗisu ya matso. Sensa mai waya uku kuwa yana buƙatar wuta kafin ya yi aiki, kuma wani irinsa fuska ɗaya ta maganaɗisu kawai yake ji, don haka a gwada juya maganaɗisun.

(b) Sauri ya ninka biyu. Ko dai sensa yana haɗuwa sau biyu a wucewa ɗaya saboda yadda aka karkata shi, ko kuma adadin maganaɗisun da aka gaya wa agogo ya saɓa da wanda ke jikin faifai.

(c) Lamba tana tsalle idan an ƙara wa inji wuta, ko da babur yana tsaye. Wannan alama ce ta cewa wayar sensa ta bi kusa da wayar filogi ko kwayil, tartsatsin wuta yana shiga cikinta. A nisanta su, a kuma yi amfani da filogi mai rage irin wannan tartsatsi.

(d) Lamba tana ɓacewa a gargada ko lokacin shan kwana. A duba ko waya ta yi gajarta har tana jawuwa idan an karya kan babur, ko ta goge a jikin ƙarfe, ko laka da tsatsa sun shiga soket.

(e) Bambanci ya kai kusan ninki 1.6. An sa agogo a kan mil maimakon kilomita, ko akasin haka, domin mil ɗaya kilomita 1.609 ne.

(f) Agogo yana manta lambar da aka ba shi. A agogunan da ke da ɗan batir a ciki, wannan yakan faru idan batirin ya yi sanyi. A canza shi, a sake shigar da lamba.

6.0 Kammalawa

An ga cewa agogon gudu juyin taya yake ƙirgawa, ya riɓanya da lambar da mai shi ya ba shi, don haka ingancinsa yana tare da ingancin awon da aka yi. Yana da kyau mai babur ya rubuta lambar da ya samu, da yawan iskar da ya auna da ita, a bangon littafin babur, ya kuma sake awo kafin lokacin feshi ko doguwar tafiya, domin Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.