GARIN BADAGIRI: TARIHINSA, KAYAN TARIHINSA DA AL'ADUNSA

1.0 Gabatarwa

Badagiri, wanda ake rubutawa Badagry a taswira, ƙaramin gari ne da ke gaɓar teku a yammacin Jihar Legas, kusa da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. A wannan babi za a yi bayanin yadda mazaunin garin ya mayar da shi ƙofa, wadda ta nan aka fitar da bayi, ta nan kuma 'yan mishan da ilimin boko da mulkin Turawa suka shigo.

2.0 Mazauni da Kafuwa

Garin yana bakin wani dogon tafki ne da ya taso daga Legas ya nufi Porto-Novo, tsakaninsa da teku kuwa akwai siririn tsibiri mai rairayi. Wannan ya sa kwalekwale kan yi zirga-zirga cikin natsuwa ba tare da haɗuwa da igiyar teku ba. Mazauna garin suna kai asalinsa ƙarni na 15, amma bunƙasarsa ta soma ne a ƙarni na 18, bayan da daular Dahome ta ci Allada a 1724 da Wida a 1727. Waɗanda yaƙi ya koro suka kwararo gabas, fataken Turawa suka biyo su, aka kafa unguwanni, kowace da shugabanta.

3.0 Cinikin Bayi

Akasarin bayin da aka sayar a Badagiri daga cikin ƙasa aka kawo su, musamman ta hannun fataken daular Oyo. Akan yi cinikinsu a kasuwar Vlekete, inda ake musayarsu da bindigogi da albarushi da giya da yadi. Daga nan sai a haye da su tafkin zuwa tsibirin Gberefu, su taka a ƙasa har bakin teku, wurin da a yau ake kira wajen da ba a dawowa. Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta wannan ciniki a 1807, amma fataken Fotugal da Birazil sun ci gaba da shi shekaru da yawa bayan haka. Abin lura a nan shi ne, Bature bai yi wannan ciniki shi kaɗai ba. Sarakuna da attajirai baƙaƙen fata ne suka kamo, suka tsare, suka sayar. Haka kuma, cikin waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan gaɓa har da Hausawa, waɗanda suka yi suna wajen yi wa iyayen gijinsu bore a Bahiya ta ƙasar Birazil a farkon ƙarni na 19.

4.0 Zuwan Turawa

Daga Badagiri ne Kyaftin Clapperton ya tashi a watan Disamba na 1825, a tafiyarsa ta biyu zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya rasu a Sakkwato a 1827, baransa Richard Lander ya komo da takardunsa ta wannan gari.

Daga wajen 1839, 'yantattun bayi daga Saliyo suka riƙa sauka a Badagiri kan hanyarsu ta zuwa Abekuta. Su ne suka nemi a aiko musu da malaman addinin Kirista. A 1842 Thomas Birch Freeman ya iso, Henry Townsend ya biyo shi, suka yi bikin Kirsimeti a gindin wata bishiya da ake kira Agiya. An buɗe makarantar firamare, a 1845 kuma aka kammala gidan 'yan mishan mai bene. Bayan fatake da 'yan mishan sai masu mulki suka biyo: Ingila ta karɓe Legas a 1861, ta haɗa Badagiri da ita a 1863. Tun daga lokacin harkar ciniki ta karkata Legas, Badagiri ya koma garin masunta da manoman kwakwa.

5.0 Kayan Tarihi

Wuraren da mai ziyara zai gani sun haɗa da gidan benen nan na 1845, da tsohon ofishin Di'o da aka mayar gidan adana kayan tarihi, da dutsen tunawa da aka kafa a gurbin bishiyar Agiya wadda ta faɗi a 1959. Akwai kuma kurkukun bayi na Seriki Williams Abass mai ɗakuna 40. Bisa tarihin da ake bayarwa a garin, shi kansa bawa ne da aka kai Birazil, ya dawo ya zama dillalin bayi, ya rasu a 1919. Laƙabinsa na Seriki daga kalmar Hausa ta sarki Yarabawa suka are shi.

6.0 Al'adu

Mafi rinjayen mazauna garin mutanen Ogu ne, waɗanda ake kira Egun, 'yan'uwan al'ummar kudancin Benin ta fuskar harshe. Sarkinsu ana kiran sa Akran. Suna da dodon Zangbeto, wanda ake lulluɓewa da zaren kaba, aikinsa na asali shi ne gadin gari da dare da tsawata wa ɓarayi. Suna kuma da Sato, wasu dogayen ganguna da sai makaɗa sun yi tsalle suke kaiwa ga bakinsu. Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya suna zaune tare a garin.

7.0 Kammalawa

An ga yadda hanyar ruwa guda ta jawo wa Badagiri arziki da baƙin ciki da sauyi. Wajibi ne malami ya gabatar wa ɗalibansa wannan tarihi yadda yake, ba tare da ɗora laifi duka kan baƙo ba, ko wanke shi daga nasa.

Auna Fahimta

1. Bayyana yadda mazaunin Badagiri ya taimaka wa cinikin bayi.
2. Kawo alaƙa biyu tsakanin tarihin Badagiri da ƙasar Hausa.
3. Kwatanta aikin Zangbeto da na 'yan gadin gargajiya a garinku.