Yadda Ake Gano Inda Saƙon Rediyo Ya Fito

Duk wanda ya saba kama BBC ko Muryar Amurka a gajeren zango ya san wannan hali: ana tsakiyar labarai sai murya ta yi ƙasa kamar za ta ɓace, can kuma ta dawo garau. Yarana a aji sukan ce laifin batir ne. To, sau da yawa laifin hanya ne.

Saƙon rediyo ba hanya ɗaya yake bi ba. Wani ya taho kai tsaye, wani ya bugi gini ko dutse ya karkato, na gajeren zango kuwa sai ya hau can sama ya dawo. In sun haɗu a eriya, wani lokaci su ƙara wa juna ƙarfi, wani lokaci su danne juna. Masana sun daɗe suna auna wannan hanya. Wani injiniya ɗan Japan, Okumura, ya zagaye birnin Tokiyo da kewayensa yana auna yadda saƙo ke raunana, ya buga sakamakon a 1968. A 1980 wani ɗan ƙasarsu, Hata, ya mai da shi ƙa'idar lissafi, wadda ta taimaka wa injiniyoyi wajen zaɓen inda za a kafa dogayen eriyoyin wayar salula.

Amfani na biyu shi ne gano mai aikowa. Saƙon rediyo na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Idan eriya uku suka ji saƙo guda, kowace ta rubuta lokacin da ya iso, bambancin lokacin zai nuna inda ya fito. Amma fa a lura: kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa daidai yake da mita 300 a ƙasa. Saƙon da ya yi zagaye a makare zai iso, sai lissafi ya kai mai nema wata unguwa dabam. Ashe sai an san hanya kafin a san mafari.

Wannan ba wasan allo ba ne, rayuka ne. A watan Satumba na 1982 wani ƙaramin jirgin sama ya faɗi a dajin yammacin Kanada. Tauraron ɗan Adam na Tarayyar Sobiyet ya tsinci kukan na'urar neman agaji da ke jikin jirgin, aka ƙididdige wurin, aka ceto mutum uku. Wannan ne ceton farko na shirin Cospas-Sarsat, wanda Amurka da Kanada da Faransa da Sobiyet suka kafa, kuma har yau yana sauraron jiragen sama da na ruwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne cikin ɗaki da cunkoson gari, inda bango da kwanon rufi ke warwatsa saƙo, GPS ma ya raunana. A nan masu bincike suka duƙufa yanzu.

Saboda haka iyaye, in yaro ya tambayi amfanin lissafin kusurwa da na gudu da lokaci, ga amsa. Da shi ake nemo wanda ya ɓata. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.