Kwabon Bitcoin: Ƙarfen Ne Kuɗin Ko Abin Da Ke Ɓoye Cikinsa?

Kusan duk labarin da aka buga game da kuɗin Bitcoin, sai an haɗa shi da hoton wani kwabo mai ruwan zinariya, mai harafin B a tsakiya. Ganin wannan hoto yau da gobe ya sa mutane da yawa suna zaton Bitcoin kuɗi ne na ƙarfe wanda ake iya ƙullewa a bakin zane. A unguwa irin Kamazou, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, kudu da Kogin Kaduna, inda ma'aikata da ɗalibai suka saba biyan kuɗi ta wayar hannu, wannan zato yana iya cinye wa mutum albashin wata.

Bitcoin dai, tun fitowarsa a 2009, ba shi da jiki. Lissafi ne kawai da dubban kwamfutoci a duniya suke riƙe da kwafinsa, kuma mai kuɗi shi ne wanda ya san wata lambar sirri, watau mabuɗin da ake motsa kuɗin da shi.

Amma an taɓa buga kwabo mai ɗauke da Bitcoin na gaske. A 2011 wani Ba'amurke mai suna Mike Caldwell, a Jihar Utah, ya fara ƙera waɗansu kwabbai da ya raɗa wa suna Casascius. Dabararsa ita ce ya rubuta lambar sirrin a 'yar takarda, ya sa ta a bayan kwabon, ya rufe da hatimi mai walƙiya, sa'an nan ya zuba kuɗin a asusun da lambar ke buɗewa. Ya buga na tagulla mai Bitcoin 1, da mai 10, da mai 25, har da na zinariya mai 1,000. Muddin hatimin yana nan, kwabon yana iya wucewa daga hannu zuwa hannu da kuɗinsa. Da an ɓare shi kuwa sai ya bar tabo mai kama da saƙar zuma, kowa ya gane an ga sirrin. Daga ranar ya zama kwanso, sai dai masu sha'awar tara tsofaffin kuɗi su saye shi don ajiya.

Cinikin bai daɗe ba. A watan Nuwamba 2013 ya ƙare, bayan hukumar Amurka mai sa ido kan laifuffukan kuɗi ta rubuta wa Caldwell cewa aikinsa aikin masu aika kuɗi ne, tilas ya yi rajista. Sai ya daina sayar da masu kuɗi a ciki.

Abin lura a nan shi ne amana. Wanda ya ƙera kwabon ya riga mai saye ganin lambar, saboda haka in ya ajiye kwafinta yana iya kwashe kuɗin daga ɗakinsa, hatimi kuma yana nan garau a aljihun mai saye. Mutane sun yarda da Caldwell don ya fito da sunansa da garinsu. Wanda ya zo wa mutum da kwabo a bakin titi fa, wa ya san wanda ya liƙa hatiminsa?

Su kuwa masu ƙyalli da ake tallarsu da araha a intanet, babu lamba a cikinsu, babu asusu. Ado ne, kamar sulallan da matan Fulani ke jerawa a kitso, har ma sulallan sun fi su, don an taɓa sayen gero da su. Dattawan Kaduna ba su manta da kwabo mai huji da sisi ba, waɗanda Naira ta maye gurbinsu ranar 1 ga Janairu 1973. Su hukuma ce ta tsaya musu.

Ta fuskar doka, a Fabrairu 2021 Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kirifto, ya ɗage hanin a Disamba 2023, a 2025 kuma sabuwar dokar zuba jari ta sa harkar ƙarƙashin hukumar kula da hannayen jari. Duk da haka Bitcoin bai zama kuɗin da doka ta tilasta a karɓa ba. Ita ma eNaira da Bankin ya fitar a Oktoba 2021 ba ta da kwabo.

Casascius na gaske yana ɗauke da haruffan farko na lambar asusunsa a kan hatimi, don mai saye ya duba a intanet ko kuɗin suna nan kafin ya biya.