Shekarun wuƙar Omdurman a ƙota ake karanta su

Duk wanda aka miƙa wa tsohuwar wuƙa, abin da zai fara yi shi ne ya zare ta daga kube ya duba kaifi. Dillalan tsofaffin kaya na kasuwar Omdurman kuwa ƙota suke fara juyawa, domin ƙarfe yana iya shekara ɗari bai sauya kama ba, amma itace da fata ba sa ɓoye tsufa.

Wuƙar da aka fi sani a wannan yanki ita ce ta dantse, wadda ake ratayawa a hannun hagu sama da gwiwar hannu da zoben fata, mai kama da wadda Buzaye ke ɗaurawa a hannu a wajenmu. Maƙerin Sudan ba ya tsaga itace biyu ya manna wa ƙarfe ya buga ƙusoshi, irin aikin wuƙaƙen Turawa. Gunduwa ɗaya yake sassaƙawa mai siririn ƙugu, ya huda ta, ya zura wutsiyar wuƙar a ciki. A wasu, wutsiyar tana ɓullowa ta ƙarshe, sai a sa ɗan faifan ƙarfe a doke bakinta da guduma har ya baje ya riƙe. A wasu kuma a ciki take maƙalewa, matsi da danƙo ne suka kama ta. Ta farkon ta fi ƙarko nesa ba kusa ba. Ta biyun ce za ka ji tana girgiɗi idan itacen ya bushe.

Itacen da ake ji da shi shi ne abanus, baƙi wuluk, mai nauyi a hannu. Da shi Hadandawa na gabashin ƙasar, wajen Kasala, ke sassaƙa ƙotarsu mai ƙahonni huɗu, biyu sama biyu ƙasa, yadda hannu ba zai zame ba ko da gumi. Mai hali kan sa a lulluɓe kan ƙotar da azurfa, kuma an sha narka liyari, wato tsabar Mariya Tereza mai ɗauke da shekarar 1780, don wannan aikin. Takubban Sarkin Darfur Ali Dinar, wanda aka kashe a 1916, suna cikin waɗanda aka fi ƙawata mariƙinsu. Mariƙin takobin talaka kuwa itace ne aka naɗe da tsirkiyar fata, shi ke nan.

Zamanin Mahadiyya, daga faɗuwar Khartum a 1885 zuwa yaƙin Karari na 2 ga Satumba 1898, Omdurman ce fadar Halifa Abdullahi, kuma nan aka tara masu sana'a daga sassan ƙasar. Makaman da ake danganta wa wannan lokaci an cika ruwansu da rubutun Larabci wanda aka ci da ruwan asid. Sai dai a nan ake yawan yaudarar mai saye. Bayan Turawan Ingila sun ci garin, sojoji da baƙi suka riƙa neman tsaraba, maƙera kuma suka ba su abin da suke so: wuƙaƙe uku a kube ɗaya na fatar kada, ƙota ta ƙashi ko ta haure, ga kyau a bango, amma wutsiyar gajeriya ce, ba za ta jure fiɗar akuya ba. Su ma yanzu sun tsufa, kuma suna da darajarsu, illa dai ba su taɓa ganin fagen daga ba.

Da motoci suka yawaita, sai kayan aiki suka sauya gaba ɗaya. Da can ruwan takubba da yawa daga Solingen ta Jamus ake kawo shi, a yi masa ƙota a gida. Daga baya sifirin ɗin tsohuwar babbar mota ya zama abin ƙira, sanholo da farin ƙarfe suka maye gurbin azurfa, injin huji ya maye gurbin ƙarfen da ake gasawa a huda itace. Hauren giwa ma, wanda masassaƙan Omdurman suka yi suna a kansa, hukuncin yarjejeniyar CITES na 1989 ya haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Don gane tsohuwa, sa yatsa a jikin ƙotar ka ji: aikin hannu yana da ɗan karkata da sawun wuƙar sassaƙa, kuma inda tafin hannu ya daɗe yana gogawa ya yi sulɓi ya ɗan lotsa. Baƙin da aka shafa jiya kuwa ko'ina daidai yake, har cikin lungunan da hannu ba ya kaiwa.

Kada kuma a ce duk wuƙar da ƙotarta ta ƙi dacewa da ruwanta jabu ce. Wuƙar aiki ana sake mata ƙota kamar yadda ake sake wa fartanya, ruwa ɗaya yana iya cinye ƙota uku. Ha'inci shi ne a ɓoye maka an sake.

Wannan magana ta shafe mu. Tun hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta haifar da garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, da kuma alhazan ƙasa da suka bi ta Sudan, irin waɗannan wuƙaƙe sun shigo gidajenmu. Idan akwai ta kakanka a adaka, kada ka kankare ta da yashi ko ka kai a sake mata ƙota. Ɗan mai kaɗan da wuri busasshe sun isa. Sannan tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 an wawashe gidajen tarihi a Khartum da Omdurman, har UNESCO ta yi gargaɗi a Satumban 2024 kan cinikin kayan tarihin Sudan. Duk wanda ya kawo maka tsohuwar wuƙar Sudan yau, tambaye shi inda ya samo ta tun kafin a yi maganar kuɗi.